Tambayi Likita: "Da asuba maigidana ba ya gane ni, sai ya sha shayi yake dawowa"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, ya aiki, ya sanyi? Ni matar aure ce a Anguwar Rogo. Maigidana shekararsa 43, yana sana'ar dankalin turawa da kabeji a kasuwar Farin Gada, kuma da kansa yake tuƙa mota zuwa Bokkos saro kaya. Yau shekara uku ke nan muna fama da wani abu da ya fi ƙarfinmu. Wata rana in na tashe shi sallar asuba sai ya buɗe ido ya zuba min su kamar bai taɓa ganina ba, rigarsa sharkaf da gumi, alhali ana sanyin da yara ke kwana da hula da safa. Ya yi ta sambatu, wani lokaci har ya zage ni, mutumin da ko ɗan cikinsa bai taɓa ɗaga wa murya ba. In na samu na lallaɓa shi ya sha shayi mai suga, kafin in ɗauraye kofin ya dawo garau yana tambayar me ya tara mutane a ɗakinsa. A azumin bana sau huɗu yana faɗuwa bayan la'asar. An yi ruƙiya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. A wani asibiti aka ce farfaɗiya ce, ya sha magani wata takwas, ba abin da ya canza. Danginsa sun fara cewa jifa ne, har wasu na yi min wani irin kallo. Rannan ƙanena ya kawo na'urar awon suga ta mahaifiyarmu, muka gwada shi yana cikin abin, ta nuna 2.1. Mai kyamis ɗin layinmu ya ce mu gode wa Allah, ba shi da ciwon suga. Maigidan kuma ya yi ƙiba sosai, don ya lura in ya tashi ya ci abinci tsakar dare abin ba ya zuwa. Likita, don Allah mene ne wannan?

Maman 'yan biyu, Anguwar Rogo, Jos

AMSA

Wa'alaikumus salam, Maman 'yan biyu. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Ki miƙa gaisuwata ga ƙanenki, domin abin da ya yi da wannan 'yar na'ura ya fi maganin wata takwas amfani.

Mai kyamis ya faɗi rabin gaskiya. Maigida ba shi da ciwon suga, haka ne, amma 2.1 ba lambar murna ba ce. Mai lafiya in ya tashi da safe bai ci komai ba, sugar jininsa tana tsakanin 3.9 da 5.5. Wasu na'urorin suna nuna manyan lambobi, 70 zuwa 99. Abu ɗaya ne, ƙaramar lambar ake ninkawa sau 18. Wato 2.1 ɗinku daidai take da 38. Mai lafiya ko ya wuni da azumi ba ya sauka can, saboda hanta na da ajiya, tana sakin suga kaɗan-kaɗan har a sha ruwa. Idan mutumin da ba ya shan maganin ciwon suga ya faɗo 2.1, to ruwa ba ya tsami banza.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Abincinta suga ce, tana cin wajen giram 120 a yini, kuma daga jini take ɗiba kai tsaye. Da zarar sugar ta yi ƙasa, jiki zai fara ƙararrawa: gumi, rawar hannu, bugun zuciya, yunwa mai kama da ta fitar da rai. In ta ƙara sauka sai ƙwaƙwalwar kanta ta fara sanƙarewa, mutum ya ga abu bibbiyu, ya yi sambatu, ya yi faɗa, ya yi jijjiga irin ta farfaɗiya, ya suma. Bayan ya farfaɗo ba ya tuna komai. Zagin da ya yi miki, ki yafe masa, bai san ya yi ba.

Ina sabon likita aka kawo min wata malamar makaranta da dare, an ɗaure mata hannu da ɗankwali saboda tana duka. Har na rubuta a katinta a kai ta ɓangaren masu taɓin hankali, sai wata tsohuwar nas ta matso ta ce min a hankali, don kada 'yan'uwan su ji, "Likita, an duba sugarta kuwa?" Ba a duba ba. Muka duba, 1.8. Ana tura mata ruwan suga ta jijiya, sirinjin bai ƙare ba ta tashi zaune tana laluben mayafinta, tana jin kunyar mutanen da ke kanta. Ni ma kunyar ce ta kama ni. Tun daga daren nan duk wanda aka kawo min ya fita hayyacinsa, yatsansa nake fara hudawa kafin in tambayi sunansa.

Abin da kika zayyana ya cika sharuɗɗa uku da wani likitan tiyata ɗan Amurka, Allen Whipple, ya shimfiɗa a 1938, waɗanda har gobe da su muke aiki: alamun su zo, a auna suga a daidai lokacin a same ta ƙasa, a ba da suga alamun su tafi. Duka ukun sun haɗu a ɗakinki, ke ce ma shaida.

To me ke jawo ta ƙasa? Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, kuma akwai abubuwan da suka fi yawa waɗanda dole a fara kawarwa. Na farko magani. Malamar nan da na ba ki labari, daga baya aka gano ƙwayoyin da ake ƙulla mata a leda na "ciwon jiki" akwai gilibenkilamayid a ciki, maganin masu ciwon suga. Akan kuma samu irinsa a cikin wasu haɗe-haɗen gargajiya da na ƙarfin maza. Saboda haka ki tattara duk abin da maigida ke sha, na kwalba da na leda da na ƙullin takarda, har wanda ba zai so ki gani ba, a kai wa likita. Sai giya, sai ciwon hanta ko ƙoda da ya yi nisa, sai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da allurar kwinin, sai gazawar wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda. Amma mutum mai ƙarfi a jika, yana zuwa kasuwa, abin na kama shi da asuba ko ƙarshen yinin azumi, shekara uku, yana ƙara ƙiba: wannan hoton yana sa ni tunanin wani ƙari da ake kira insulinoma.

Bari in ɗan tsaya a kan gaɓar da yake fitowa, don ana yawan rikita ta. Sunanta fankiriyas. Da yawa in an faɗa sai su ce saifa, alhali saifa daban, tana can gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Fankiriyas tana kwance a gicciye bayan tumbi, tsawonta kamar santimita 15, kanta na jingine da farkon ƙaramin hanji, wutsiyarta na taɓa saifa. Mafi yawanta ruwan narkar da abinci take yi. Amma a warwatse cikinta akwai wasu 'yan tsibirai na ƙwayoyin halitta, wajen miliyan ɗaya, waɗanda wani ɗalibin likita a Jamus, Paul Langerhans, ya fara gani a 1869. Su ke yin insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya shigar da ita cikin tsoka, ya kuma hana hanta sakin ajiyarta. A mai lafiya, suga na sauka insulin zai tsaya. Insulinoma wasu ne daga cikin ƙwayoyin nan suka dunƙule suka zama ƙari, suka daina jin magana. Ko an ci ko ba a ci ba, suna ta zuba insulin kamar famfon da ya lalace. Da rana abinci na rufa asiri. Da dare, ko a azumi, sai asiri ya tonu.

Ciwo ne da ba a cika gani ba. A cikin mutum miliyan ɗaya, ɗaya zuwa huɗu ne ke kamuwa a shekara. Ni da na daɗe ina aiki a garin nan, waɗanda na gani ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Shi ya sa masu shi kan yi shekaru ana yawo da su tsakanin malamai da masu maganin farfaɗiya da likitocin ƙwaƙwalwa, kuma ba a nan kaɗai ba, har a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. Ga kuma abin da nake so ki riƙe: wajen tara cikin goma na wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, guda ɗaya ne tak, kuma galibi bai kai santimita 2 ba, kamar gyaɗa ko ɗan goro. Ɗan hakin da ka raina. In an cire shi, mutum ya warke ke nan. Tun 1929 wani likita a Toronto ta Kanada, Roscoe Graham, ya fara cire irinsa mara lafiyar ta warke.

Yanzu ga yadda ake tabbatarwa, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗi. Kada ku fara da hoto. Na ga iyalin da suka sayar da fili suka yi siti-sikan sau biyu, aka ce ba a ga komai ba, suka koma gida da tabbacin cewa iska ce. Ƙaramin ƙari yakan ɓuya wa hoto. A jini ake kama shi, kuma sai an kama ɓarawon da kaya a hannu, wato a ɗebi jinin a daidai lokacin da sugar ta faɗi, kafin a ba shi ko cokali ɗaya na suga. In an riga an sa ƙarin ruwa sannan aka ɗiba, shaidar ta gudu.

Don haka ake kwantar da mutum a asibiti a sa shi azumin gwaji, wanda zai iya kai wa awa 72. Ruwa zai sha, ba abinci, ana auna sugarsa lokaci-lokaci, ga nas kusa da ruwan suga a shirye. Da ta sauka ƙasa da 3.0 kuma alamun suka bayyana, sai a ɗebi jini a tsayar da gwajin a ba shi abinci. Mafi yawan masu insulinoma ba sa kai kwana biyu, kuma yadda kika kwatanta maigida, ina zaton ba zai wuce yinin farko ba. A jinin za a auna suga a ɗakin gwaji, domin na'urar gida ba ta da tabbas sosai in lamba ta yi ƙasa, sannan insulin, sannan wani abu da ake kira si-feftayid. Wannan na ƙarshen tare jiki ke sakin sa da insulin, ɗaya bisa ɗaya, amma babu shi a insulin na allura. In suga na ƙasa, insulin da si-feftayid na sama, kuma ba a samu maganin ciwon suga a jinin ba, to jikin ne da kansa ke zuba insulin ba bisa ƙa'ida ba. Wani ɗan abu da kan ɓata aiki: jinin awon suga a kwalba mai fuloraid ake sa shi, mai murfi ruwan toka, a kai shi da wuri. In ya daɗe a ajiye cikin kwalbar da ba ita ba, ƙwayoyin jini na ci gaba da cin sugar, lambar ta fito ƙarya. Mai yiwuwa kuma a ce sai an aika wani ɓangare na jinin Abuja ko Legas. Ku yi haƙuri da jiran, ya fi a yi aiki da ka.

Ina roƙon ki, kada ku gwada wannan azumin a gida.

Sai jini ya tabbatar sannan a shiga neman inda ƙarin yake: siti-sikan da ake sa ruwan allura, ko wani hoton da ake kira MRI. In ya ɓuya, akwai hoton da ake yi ta cikin tumbi, a zura siririn bututu ta baki mai na'urar hoto a kansa, ya leƙa fankiriyas ta bayan bango, kusa da kusa. Wani lokaci kuma sai an buɗe ciki likitan tiyata ya lalubo shi da yatsa da na'urar hoto a hannu. In yana sama-sama, nesa da bututun ruwan fankiriyas, ƙwaƙule shi kawai ake yi a bar sauran gaɓar. In yana wutsiya, a yanke wutsiyar, wani lokaci har da saifa. In ya nutse cikin kai, shi ne babban aikin da ke ɗauke da sunan Whipple ɗin nan, wanda ba kowane asibiti ya kamata ya taɓa ba. Ku tambayi likitan tiyatar kai tsaye sau nawa ya yi aikin fankiriyas, ba rashin kunya ba ne. Matsalar da aka fi samu bayan aiki ita ce yoyon ruwan fankiriyas, shi ya sa ake barin roba a gefen ciki na wasu kwanaki, kuma yawanci yakan tsaya da kansa. Sugar kan hau sama kwana biyu-uku bayan aiki sannan ta daidaita, kada hakan ya tsorata ku.

Akwai ƙwaya, dayazoksayid, da ke rage zubar insulin kafin a yi aiki, ko ga wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba. Tana kumbura ƙafa, tana fito da gashi, ba ta kuma cire ƙarin. A kuma auna masa sinadarin kalsiyam a jini, a tambayi ko a danginsu akwai masu tsakuwar ƙoda ko irin wannan faɗuwar, domin kaɗan daga cikin masu insulinoma, kamar biyar zuwa goma cikin ɗari, gado ne, kuma su ƙarin kan zo fiye da ɗaya.

Kafin a kai ga duk wannan, ga aikinki a gida. Tuƙi ya tsaya daga yau. Hanyar Bokkos da mota cike da buhuna ba wurin da mutum zai ga abu bibbiyu ba ne. Ya ɗauki direba ko ya aiki yaronsa. Kada ya wuce awa uku bai sa wani abu a ciki ba, kuma abinci mai daɗewa, irin su acha, wake, gwate, fura, dankali da ƙwai. Kafin barci ya ci, ki kuma sa ƙararrawar waya wajen ƙarfe uku na dare don ya tashi ya sake ci. Maganar ƙiba a bar ta sai bayan aiki. Dabino ko suga su zauna a aljihunsa, abokan rumfarsa a Farin Gada su san abin da za su yi. In abin ya zo yana iya haɗiya, a ba shi suga cokalin shayi huɗu a ruwa, ko zuma cokali ɗaya babba, ko rabin kwalbar lemo, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai, ko ruwa ko madara ko rubutu, zai iya wucewa huhu. Kada a cusa cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe, a nemi Keke ko mota zuwa asibiti mafi kusa, ki ce musu da bakinki, "Sugarsa ce ke faɗuwa, a ɗebi jini sannan a sa masa ruwan suga." Amma in ɗibar jinin za ta kawo jinkiri, a fara ceton ransa. Maganin farfaɗiyar kuma kada ya yanke shi kai tsaye, likita ne zai janye shi a hankali.

Azumi kuwa, a yanzu haɗari ne gare shi, suga mai faɗuwa irin haka tana iya lahanta ƙwaƙwalwa. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, ku tuntuɓi malaminku. Addu'a ku ci gaba da yi, ba ta taɓa hana gwajin jini ba. 'Yan'uwansa masu kallon ki, ki kira babbansu ya ga lambar da idonsa ranar da abin ya sake zuwa, gani ya kori ji.

Ki samu littafi ki riƙa rubuta rana, lokaci, lambar da na'ura ta nuna, da abin da ya ci na ƙarshe. Ki ɗauki bidiyonsa a waya in abin ya zo. Ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa da ke Lamingo, ku ce kuna son ganin likitan da ya ƙware kan ciwon suga da sinadaran jiki. Ki rubuto min yadda aka yi.

TAMBAYA

Likita, barka da aiki. Yayata ce aka yi wa hoton ciki saboda tsakuwar ƙoda, sai aka ga wani ƙari santimita ɗaya da rabi a wutsiyar fankiriyas. An ɗebi ɗan yanki an gwada, aka ce irin na ƙwayoyin sinadari ne. Na duba intanet na ga dajin fankiriyas wata kaɗan yake ba mutum. Kwana uku ban yi barci ba, ita kuma ban gaya mata ba.

Wani ɗalibi daga Bukuru

AMSA

Ɗana, je ka yi barci. Abin da ka karanta labarin wani ciwo ne daban. Dajin fankiriyas da aka fi sani, wanda ya kai tara cikin goma, daga bututun ruwan narkar da abinci yake tasowa, kuma shi kam mugu ne. Na yayarka daga 'yan tsibiran nan ne da na yi bayani a sama, dangin insulinoma, sai dai da alama nata ba ya zuba komai, shi ya sa ba ta ji shi ba. Irinsu da yawa tafiyar hawainiya suke yi. Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, irin wannan dangin aka gano masa a 2003. Ya jinkirta tiyata wajen wata tara yana gwada abinci da wasu hanyoyi, aka yi masa aiki a 2004, ya rayu har 2011. Shi kansa jinkirin abin lura ne.

Ka duba takardar gwajin, akwai wata lamba da aka rubuta Ki-67, ita ke nuna saurin hayayyafar ƙwayoyin. Ƙasa da 3 mataki na ɗaya ne, mafi sanyi. Daga 3 zuwa 20 na biyu, sama da 20 na uku. Ƙarin da bai kai santimita 2 ba, mataki na ɗaya, bai taɓa hanta ba, wasu likitoci cirewa suke yi, wasu su sa ido da hoto lokaci-lokaci, kuma duka biyun hanyoyi ne da aka yarda da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɓoye mata. Cikinta ne, ita za ta zaɓa, kuma ba za ta riƙa zuwa hoto a kan lokaci ba in ba ta san dalili ba. Ku je tare wurin likitanta, ka riƙe mata biro da takarda.

TAMBAYA

Likita, ni in na sha koko da suga da safe, wajen ƙarfe sha ɗaya sai jikina ya kama rawa. Ko ni ma ina da ƙarin nan?

Hajiya daga Rikkos

AMSA

Hajiya, da wuya. Mai insulinoma yunwar dare da azumi ce ta fi kayar da shi, ke kuwa bayan koko ne. Ki auna sugarki a daidai lokacin rawar, sau uku a ranaku daban-daban. In ta wuce 3.9, ba faɗuwar suga ba ce, a duba hawan jini da maƙoƙo da yawan shayi. In ta gaza 3.0, ki zo da lambobin asibiti. Kafin nan ki rage sugar kokon, ki haɗa shi da ƙosai.